Keke mai lantarki a Maradi: mai araha ko mai tsada, a ina kuɗi yake biyan buƙata?

Tun daga watan Mayun 2023, lokacin da Najeriya ta janye tallafin man fetur, man kwalba da aka saba saye da sauƙi a bakin titunan Maradi ya daina zama abin dogaro, sannan ƙarancin mai da aka sha a watan Maris na 2025 ya sa mutane da yawa suka fara kallon keke mai lantarki da idon basira. Wanda ya shiga neman irin wannan keke zai tarar da farashi iri-iri masu nisa da juna, har ya kasance kuɗin guda ɗaya yana iya sayen biyar ko shida na wani, alhali a ido dukansu taya biyu ne da batir da inji. Tambayar da mai saye yake yi wa kansa ita ce: shin wannan bambancin kuɗi yana sayen wani abu na gaske, ko kuwa suna ne kawai ake biya?

Amsata a taƙaice ita ce, a garinmu kuɗin da aka zuba a kan batir da birki da samun kayan gyara ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma kuɗin da aka zuba a kan abin da babu makanikin da zai iya taɓa shi a nan asara ce, komai ingancinsa a ƙasar da aka ƙera shi. Saboda haka ba zan raba kekunan gida biyu kawai ba, domin a kasuwa gida uku ne. Akwai mai araha, wanda galibi yake zuwa daga China da batirin dalma, mai siffar ƙaramin babur da feda ta jeka-na-yi-ka. Akwai mai tsada irin na Turai, wanda keke ne na sosai da ake tuƙawa da ƙafa injin yana taimakawa. Sannan akwai na tsakiya, mai batirin litiyom, ƙirar kamfanonin da suka yi suna, wanda shi ma mai tsada ne idan aka gwada shi da na farko.

Ma'aunan da zan auna su da su

Abu na farko shi ne batir, domin shi ne ɓangare mafi tsada a jikin keken, kuma shi ne yake fara mutuwa. A jikin kowane batir akwai lambobi biyu, misali 48V 12Ah ko 48V 20Ah. Idan aka ninka lamba ta farko da ta biyu ana samun yawan wutar da batirin yake ɗauka: na farko 576, na biyu 960, wato ƙasa kaɗan da kilowat ɗaya na awa guda. Keke mai siffar babur yana cin tsakanin 20 zuwa 30 na wannan ma'auni a kowane kilomita, shi kuwa keken da ake taimaka masa da feda yana cin kamar rabin haka ko ƙasa da haka. Da wannan ɗan lissafi mai saye zai iya gane ko nisan da aka rubuta a jikin kwali gaskiya ne, domin batir mai 576 ba zai kai mutum kilomita 60 da totur kaɗai ba, ko da wa ya rantse.

Abu na biyu shi ne yanayin garin. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maradi yakan wuce digiri 40 a inuwa, da hunturu ƙura tana shiga ko'ina, da damina ruwa yana kwanciya a lunguna, kuma da zarar an sauka daga kwalta rairayi ne. Abu na uku shi ne gyara: wa zai gyara, kuma a ina za a samo kayan. Na huɗu shi ne caji, ganin cewa wutarmu ba kullum take tsayawa ba. Kowa ya tuna watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Na biyar shi ne haɗari, musamman na gobara da na birki. Na ƙarshe kuma shi ne kuɗin da keken zai ci a tsawon rayuwarsa, ba kuɗin ranar saye kaɗai ba.

Mai araha

Irin wannan keke yakan zo da batura huɗu na dalma masu bolt 12 kowanne, an jera su ƙarƙashin wurin zama ko wurin ajiye ƙafa, da inji mai wat 350 zuwa 500 a cikin tayar baya. Kyawunsa a fili yake. Kuɗinsa bai fi ƙarfin ma'aikaci ko ɗan kasuwa matsakaici ba, ba ya buƙatar a iya canza giya, ba shi da ƙara, ba shi da juyen baƙin mai, mace mai dogon hijabi ko dattijo mai babbar riga yana hawansa ba tare da wahala ba, kuma yana ɗaukar yaro a baya zuwa makaranta. Ginin wutarsa ma mai sauƙi ne: batir, akwatin da ke rarraba wuta wanda ake kira kontirola, totur, da inji. Duk mai gyaran da ya saba da aikin sola ko wayoyin babur yana iya bin wayar ya gano inda matsala take, kuma kayan kamfanoni daban-daban sukan shiga juna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma zan sake dawowa kansa.

Rauninsa yana cikin batirin. Batirin dalma yakan jure caji tsakanin sau 300 zuwa 500 idan an kula da shi a yanayi mai sanyi, kuma masu ƙera shi suna auna rayuwarsa ne a digiri 25. Ƙa'idar da aka sani a wannan fanni ita ce, duk ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan haka yana rage rayuwar batirin da kusan rabi. Wanda ya ajiye kekensa a rana tsaka a ƙofar Babbar Kasuwa daga safe zuwa la'asar a watan Afrilu ya san abin da wannan yake nufi. Bayan haka batirin dalma ba ya son a zuƙe shi ƙaf, kuma ba ya son a bar shi babu caji ko da na kwana biyu ne, domin wani farin gishiri yana kama farantan da ke cikinsa ya hana su sake ɗaukar wuta yadda ya kamata. To, daren da aka ɗauke wuta, ka dawo gida batir ya kusa ƙarewa, ba tafiyar gobe kaɗai ka rasa ba, wani yanki na rayuwar batirin ma ya tafi. Cajinsa kuma yana ɗaukar awa shida zuwa takwas, wanda yake buƙatar wuta ta tsaya tsawon dare.

Nauyi ma matsala ce da ba a cika lura da ita ba sai an saya. Batura huɗu masu 12Ah sun kai kilo 16, masu 20Ah kuwa suna kusantar kilo 27. Ba abu ne da za a cire a shiga da shi ɗaki ko ofis a yi caji ba, dole sai an kai keken gaba ɗaya inda soket yake, kuma ranar da wuta ta ƙare a hanya, fedar da ke jikinsa ba ta da amfanin kirki, turawa za a yi.

A cikin rairayi, injin da ke cikin taya yana jan wuta mai yawa alhali tayar ba ta juyawa da sauri, sai zafi ya taru a cikinsa da cikin kontirola. A kekuna masu araha wayoyin sukan zama sirara, mahaɗansu ba a rufe suke da kyau ba, don haka ƙura da ruwan damina suna samun hanya. Mazaunin unguwar da titinta ba kwalta ba ne, wanda kullum sai ya ratsa rairayi mai zurfi kafin ya hau babban titi, ya sa a ransa cewa zai canza kontirola ko ya ɗinke waya fiye da sau ɗaya. Birkinsa galibi irin wanda ke ɓoye a cikin kwanon taya ne, yana isa ga gudun kilomita 25 a awa da mutum ɗaya, amma yana gazawa idan an ɗora mutum biyu da kaya aka kuma buɗe masa gudu. Ƙarfen jikinsa da boris ɗinsa su ma daidai kuɗinsa suke. Araha ba ta ado.

Ta fuskar gobara kuwa, a nan mai araha yana da wata fa'ida da ya kamata a faɗa da adalci: batirin dalma ba ya kamawa da wuta irin yadda litiyom yake yi. Haɗarinsa na daban ne. Dalma guba ce, kuma mutanen wannan yanki ba su manta da abin da ya faru da yara a Zamfara a 2010 ba, ko da yake can daga haƙar zinariya ne. A wata unguwa ta bayan birnin Dakar, a wajen 2008, yara 18 sun rasu saboda fasa tsofaffin batura da ake yi a cikin gidaje domin fitar da dalma. Don haka tsohon batir a mayar wa mai shago ko a sayar wa mai saye a rufe yadda yake, kada a fasa shi a tsakar gida, kada a bar wa yara su yi wasa da shi.

Akwai kuma wani nau'in mai araha da nake ganin ya fi kowanne hatsari, wato wanda aka ce yana da litiyom amma farashinsa kusan ɗaya da na dalma. Litiyom mai kyau ba ya araha. Idan ya yi araha, to yawanci an haɗa shi ne da ƙwayoyin batir marasa suna ko waɗanda aka ciro daga tsofaffin na'urori, da allon kariya maras inganci. Haka nan batirin da wasu kamfanoni suke tallatawa da sunan girafin, a haƙiƙa batirin dalma ne da aka inganta da wani sinadari. Ya fi na yau da kullum ɗorewa, amma nauyinsa da halinsa na dalma ne, kada a biya masa kuɗin litiyom.

Mai tsada irin na Turai

Wannan shi ne keken da ake gani da injin Bosch ko Shimano a tsakiya, wajen feda, da birki mai faifai da ke aiki da mai, da giya tara ko goma, da jikin alminiyom. Ingancinsa ba abin musu ba ne. Injin tsakiya yana bi ta kaca da giya, don haka yana hawa tudu da ratsa wuri mai wuya ba tare da ya yi zafi ba, nauyin keken duka bai cika wuce kilo 25 zuwa 28 ba, batirinsa ana cire shi da makulli a ɗauka da hannu ɗaya, kuma idan wuta ta ƙare ana iya tuƙa shi gida kamar kowane keke. Da batir mai 500 zuwa 625 a wancan ma'auni na yawan wuta yana iya yin kilomita 50 zuwa sama da 80, gwargwadon ƙarfin da mahayi yake sawa.

Farashinsa a Turai yakan kama daga yuro 2,500 zuwa 5,000, wasu ma sun fi haka. Da yake yuro ɗaya a tsaye yake a sefa 655.957, keken yuro 3,000 ya tashi kusan sefa miliyan biyu tun kafin a yi maganar dako da duwan. Wannan kuɗin ya sayi sababbin babura masu mai fiye da ɗaya.

Amma ba tsadar ce babbar matsalarsa ba. An ƙera shi ne bisa dokar Tarayyar Turai, wadda ta ƙayyade injin a wat 250, ta ce taimakon injin ya yanke idan gudu ya kai kilomita 25 a awa, kuma injin ba ya aiki sai ana juya feda. Wato babu totur. Wanda yake son ya isa wurin aiki da rana tsaka ba tare da gumi ba, ko ya ɗauki matarsa zuwa asibiti, ko ya ɗauko buhun gero, ba wannan ne abin hawansa ba. Abu na biyu, tsarin wutarsa a kulle yake: batir da inji da ɗan allon da ke kan hannu suna magana da juna da harshen kamfanin, batirin wani kamfani ba ya shiga, kuma idan ya nuna lambar matsala, sau da yawa sai dillalin da kamfanin ya amince da shi ne yake da manhajar da za ta karanta ta. Sabon batirinsa kaɗai yana cin ɗaruruwan yuro, kuma ba a yarda fasinja ya shiga jirgin sama da batirin litiyom da ya wuce 160 a wancan ma'auni da na ambata ba, saboda haka ɗan'uwa da ke dawowa daga Faransa ko Beljiyam ba zai iya saƙo maka shi a jaka ba. Sai dai a bi ta jirgin ruwa, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke zuwa ta teku suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, tafiyar ta ƙara tsawo da tsada.

Ko a Turai ɗin ma tsada ba ta zama tabbaci ba. Kamfanin VanMoof na ƙasar Holan, wanda kekunansa suke cikin masu suna da tsada, ya durƙushe a watan Yulin 2023, masu kekunan suka shiga damuwa domin kayan gyaransu na kamfanin ne shi kaɗai, wasu ayyukan keken ma sun dogara da manhajarsa ta waya. Idan haka ta faru da mutanen Amsterdam, mai keke a Maradi ya fi su zama cikin hatsari. Game da na gwanjo kuwa, wanda yake zuwa da rahusa mai jan hankali, abin da ake sayarwa a gaskiya jikin keke ne mai kyau da batirin da ya riga ya ci rabin rayuwarsa ko fiye, wani lokaci ma babu cajarsa ta asali. Rairayi kuma yana cin kaca da haƙoran giya da sauri, musamman a injin tsakiya inda duk ƙarfin injin yake bi ta kacar.

Na tsakiya

A nan nake ganin mafi yawan masu amfani na gaske ya kamata su tsaya su yi nazari. Ina nufin keke ko ƙaramin babur na kamfanin da aka san sunansa da adireshinsa, irin su Yadea, Aima, Tailg ko Niu, ko kuma keke mai feda da injin Bafang, muddin batirin litiyom ne na ƙwarai. Waɗannan kamfanoni suna da samfura masu dalma da masu litiyom, don haka suna kaɗai bai isa ba, sai an duba abin da ke cikin akwatin. Kuma a lura, ana manna sunan kamfani a jikin abin da ba nasa ba. Lambar jikin keken da takardar garanti su ne shaida.

Litiyom ɗin ma iri biyu ne da ya kamata mai saye ya bambance. Akwai wanda aka fi sawa a kekuna saboda rashin nauyinsa, yana jure caji kamar sau 500 zuwa 1,000, batir mai 48V 20Ah bai wuce kilo shida ko bakwai ba. Akwai kuma wanda ake rubuta wa LFP ko LiFePO4, irin wanda masu aikin sola suka fara sabawa da shi. Ya ɗan fi nauyi, amma yana jure caji sau 2,000 ko fiye, ya fi jure zafi, kuma ya fi wuyar kamawa da wuta. A ganina, ga gari mai zafi irin namu, idan akwai zaɓi, wannan na biyu shi ne ya fi dacewa, ko da an ƙara kuɗi a kansa. Litiyom ba ya lalacewa don an yi masa rabin caji, hasali ma ya fi son haka, saboda haka idan wuta ta zo na awa biyu ta koma, abin da ya samu riba ce. Yana cika cikin awa huɗu zuwa shida, kuma idan batirin mai ciruwa ne ana iya ɗaukarsa zuwa shago ko gidan maƙwabcin da yake da sola.

Sauran jikin keken ma a nan ake ganin inda kuɗi ya shiga: birki mai faifai aƙalla a gaba, taya mai faɗi marar tub wadda ƙaya ba ta sace mata iska nan take, mahaɗan waya masu roba, da inji mai wat 800 zuwa sama wanda ba ya wahala a rairayi. A duba wata alama da ake rubutawa kamar IP54 ko IP65. Lamba ta farko ta ƙura ce, 6 na nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Ta biyu ta ruwa ce. Ga wanda ya san hunturun Maradi, lamba ta farko ba ado ba ce.

Haɗarinsa shi ne gobara, kuma ba zan sassauta wannan magana ba. Idan batirin litiyom ya kama, zafinsa yana ciyar da kansa daga ƙwaya zuwa ƙwaya, yana fitar da hayaƙi mai guba, kuma kashe shi yana da wuya. A birnin Niyok na Amurka mutum 18 ne suka rasu a 2023 sakamakon gobarar irin waɗannan batura, abin da ya zo daidai da shekarar da birnin ya hana sayar da keken da ba shi da shaidar gwajin ingancin tsarin wutarsa da ake kira UL 2849. A birnin Nanjing na China, a watan Fabrairun 2024, gobarar da ta tashi daga wurin ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani bene ta kashe mutum 15. Galibin irin waɗannan gobara suna fitowa ne daga batir maras inganci, ko wanda aka buɗe aka yi masa gyaran gida, ko cajar da ba tasa ba. Dokokin kiyayewa ba su da yawa: kada a yi caji a ɗakin da ake kwana ko a bakin ƙofar fita, kada a yi caji a rana ko da zarar an sauka batir yana da zafi, domin litiyom ba a yi masa caji a sama da digiri 45, kada a ari caja, kuma batirin da ya kumbura ko ya faɗi ya fashe a daina amfani da shi. Da yake wutarmu takan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, a cire caja idan wuta ta tafi, ko a sa mata na'urar daidaita wuta.

Gyaransa yana tsakiya: inji, birki da taya duk ana samun mai taɓa su, amma batirin da allon kariyarsa da ake kira BMS suna buƙatar wanda ya san aikin. Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai shago ya nuna batir da kontirola da caja na canji a kan kanta, ba a hoton waya ba. Idan amsarsa ita ce za a yi oda daga Yamai, wadda take nesa da mu da sama da kilomita 600, ko daga Kano, to a tambayi kwana nawa, a kuma rubuta garantin batirin a jikin rasit.

| Ma'auni | Mai araha, batirin dalma | Na tsakiya, litiyom na ƙwarai | Mai tsada irin na Turai |
|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Mafi ƙanƙanta | Ninki biyu zuwa uku na mai araha | Kusan sefa miliyan biyu ko fiye, sabo |
| Juriyar batir | Caji 300 zuwa 500, zafi yana ragewa | 500 zuwa 1,000. LFP 2,000 ko fiye | 500 zuwa 1,000 |
| Nauyin batir | Kilo 16 zuwa 27, ba ya ciruwa da sauƙi | Kilo 6 zuwa 10 | Kilo 3 zuwa 4 |
| Lokacin caji | Awa 6 zuwa 8 | Awa 4 zuwa 6 | Awa 4 zuwa 5 |
| Rairayi da kaya | Yana wahala | Yana jurewa | Yana ratsa rairayi, ba ya ɗaukar fasinja |
| Gyara a Maradi | Mai sauƙi | Ya danganta da mai shago | Mai wuya ƙwarai |
| Babban haɗari | Raunin birki, gubar dalma | Gobara idan an yi sakaci | Lalacewa babu mai gyara, sata |

Lissafin da ya kamata a yi kafin a biya

Masu talla sukan ce keke mai lantarki ba ya shan mai, kuma gaskiya ne kuɗin wutarsa kaɗan ne. Keke mai siffar babur yana cin kamar kilowat uku a kilomita 100, har da abin da caja take ɓatarwa. Idan muka ƙaddara kilowat ɗaya a sefa 100 domin sauƙin lissafi, sefa uku ke nan a kowane kilomita. Ƙaramin babur mai mai yana shan lita biyu zuwa biyu da rabi a kilomita 100, kuma a farashin sefa 499 da gwamnati ta sa wa lita a watan Yulin 2024, ya kama sefa 10 zuwa 12 a kilomita. Bambancin yana da daɗin ji, amma lissafin bai cika ba, domin batirin shi ma mai ne, sai dai an saye shi a dunƙule tun farko, ana kuma ƙona shi kaɗan-kaɗan.

Ga misali, kuma lambobin kuɗin na kwatance ne, mai karatu ya sa farashin da aka faɗa masa a shago a gurbinsu. A ce jerin baturan dalma jika 60 ne, wato sefa 60,000, ya jure caji 300, kowane caji kilomita 25. Kilomita 7,500 ke nan, wato sefa takwas a kilomita, idan aka haɗa da wuta ya zama 11. Kusan daidai yake da kuɗin man babur. A ce kuma batirin LFP jika 200 ne, ya jure caji 1,500 kawai saboda zafinmu, kowane caji kilomita 40. Kilomita 60,000 ke nan, sefa uku da ɗoriya a kilomita, da wuta ya zama shida ko bakwai. Wannan shi ne ainihin abin da ƙarin kuɗin yake saye, kuma yana nuna cewa ribar ba ta fitowa sai ga wanda yake yin tafiya mai yawa. Wanda ba ya wuce kilomita takwas a rana ba zai cinye kilomita 60,000 ba kafin shekaru su tsufar da batirin, domin litiyom yana raguwa da shekaru ko ana hawa ko ba a hawa. A wurin irin wannan mutum, mai araha yana iya zama shi ne mai araha da gaske.

Wa ya dace da wanne

Malamar makaranta ko ma'aikacin da gidansa da wurin aikinsa duk suna kan kwalta, tafiyarsa ba ta wuce kilomita goma a rana, yana da inuwar ajiye keke da soket a tsakar gida, mai araha ya ishe shi. Ya zaɓi mai 20Ah a kan mai 12Ah domin kada ya riƙa zuƙe batirin, ya yi caji kowane dare da aka samu wuta, ya kuma fara ajiye kuɗin sabon batir tun daga watan farko, domin cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi zai buƙace shi. Haka nan uban da yake son abin kai yara makaranta a cikin unguwa.

Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da yake zaune a ɗakin haya, ba shi da wurin shigar da keke kusa da soket, batir mai ciruwa ya fi masa komai muhimmanci, kuma wannan yana nufin litiyom. Sai dai ya nemi inda zai yi caji wanda ba ɗakin kwanansa ba. Idan kuɗinsa bai kai na litiyom mai kyau ba, gara ya jinkirta da ya sayi litiyom maras suna.

Wanda yake zuwa Tibiri ko Jiratawa kullum ya dawo, ko mai kai kaya gida-gida, ko mai gona a bakin Gulbi da yake ɗauko kayan lambu, na tsakiya ne nasa, mai LFP idan ya samu, da birki mai faifai da inji mai ƙarfi, kuma ya sayi wanda nisansa na gaskiya ya kai tafiyarsa ta yini sau ɗaya da rabi, saboda batir yana raguwa. Ɗan kabu-kabu kuwa, wanda yake yini a kan hanya da fasinja, babu ɗaya daga cikin ƙananan kekunan nan da aka yi domin aikinsa. Abin da zai ɗauke shi babur ne mai lantarki na sosai, mai bolt 72, da batir na biyu da zai canza da rana, idan kuma babu wannan tsari a hannunsa, babur mai mai ya fi masa tabbas a yanzu.

Mai tsada irin na Turai na mutum ne da yake son tuƙa keke da ƙafarsa domin motsa jiki ko sha'awa, wanda yake da wani abin hawa na yau da kullum, yake kuma da hanyar samo kaya daga waje ba tare da jira ya cutar da shi ba. Idan na gwanjo zai saya, ya hau shi ya yi tafiya mai nisa har ya ga yadda batirin yake sauka, ya tabbatar cajar ta asali ce, sannan ya cire kuɗin sabon batir daga farashin da aka yi masa kafin ya taya.